Asirin Siririn Filafilin Mutanen Girinlan

Wanda ya saba da faffaɗan filafilin Sarkawa a kogin Kwara, in ya ga na Inuwit, mutanen Girinlan, sai ya ce sanda ce. Tsawonsa ya ɗara mita 2, amma faɗin bakinsa wajen santimita 8 ne kacal. Ƙasarsu ba manyan itatuwa, sai gungumen da teku ta watso gaɓa suke sassaƙawa, su yi masa baki da ƙashi saboda ƙanƙara.

To, ƙaƙa siririn abu haka yake tura kayak, watau jirginsu na fata? Ƙa'idar ita ce wadda Isaac Newton ya bayyana a 1687: wanda ya tura ruwa baya, ruwa zai tura shi gaba da ƙarfi daidai. Amma maharbi ba ya kwasar ruwa kamar mai ludayi. Yakan ɗan karkata bakin filafilin, ya nitsa shi yana yankan ruwa. Sai matsin ruwan ya ragu ta gaba, ya ƙaru ta baya, kamar yadda iska ke ɗaga fiffiken jirgin sama. Tsawon bakin kuwa shi ke rama abin da faɗi ya rasa.

Ba kwalliya ba ce, batun rai ne. Iska ba ta samun wurin kamawa, kafaɗa ba ta saurin gajiya, ba kuma fantsamar da za ta firgita dabbar da ake farauta. In igiyar ruwa ta kifar da jirgin cikin sanyi mai kisa, da filafilin nan maharbi yake sharar saman ruwa, ya mirgino ya tashi zaune, bai ko fita daga jirginsa ba.