Asid a kan tabon kurajen fuska: Abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa fuskarka

A makarantarsu "Tanda" suke ce masa. Ƙanena ne, yana aji biyu na babbar sakandare, kuma tun yana aji uku na ƙaramar sakandare kuraje suka feso masa a kumatu. Kurajen sun lafa, amma sun bar masa ƙananan ramuka, shi ya sa abokansa suka kwatanta fuskarsa da tandar waina. A gabansu dariya yake yi. Mu da muke gida ɗaya da shi a Gyaɗi-Gyaɗi kuwa mun san ya daina yarda a ɗauke shi hoto, ko da Sallah.

A hutun da ya wuce ya ci karo da wani bidiyo a TikTok. Ana ɗiga wani ruwa a cikin ramukan fuskar wani mutum da tsinke, wurin ya yi fari, sai aka nuna shi daga baya fuska sumul. Yaron nan ya tara kuɗin tararsa na makonni, ya sayi 'yar kwalba a wajen wani mai talla a WhatsApp. Bayan sallar isha'i ya kulle ɗaki, ya jiƙa auduga, ya dangwala a kumatunsa. Ba a yi minti biyu ba na ji yana dukan ƙofata.

"Yaya, zo ki ga fuskata. Kamar an zuba mini garwashi."

Umma ta ɗauko man goge baki za ta shafa masa, na hana ta. Muka kai shi bakin famfo muka yi ta zuba ruwa, sannan muka tafi asibiti. Abin da na ji daga bakin likita a daren, da abin da na karanto daga baya, shi na kawo muku.

Me ya sa kurji ke barin rami?

Lokacin balaga, sinadaran jiki suna sa fata ta riƙa fitar da maiƙo da yawa. Maiƙon ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar gashi, ƙwayoyin cutar da dama ke zaune a fata su samu wurin yaɗuwa, wurin ya kumbura. Shi ne kurji. Ba ƙazanta ba ce, kuma ba alamar son aure ba ce kamar yadda ake tsokanar juna a aji.

Idan kumburin ya yi zurfi, yana cinye wasu zaruruwa da ke riƙe fata daga ciki, waɗanda ake kira kolajen. In jiki bai mayar da su duka ba, sai wurin ya lotsa. Matse kurji da farce yana tura ƙazantar ciki, ya ƙara ɓarnar.

Likitocin fata sun kasa irin wannan tabo kashi uku. Akwai mai ƙaramin baki amma mai zurfi, kamar an soka allura, wanda faɗinsa bai kai milimita 2 ba. Akwai mai faɗin baki da tsayayyen gefe, irin zanzanar da cutar agana ta bari a fuskar wasu kakanninmu kafin a kawar da ita daga duniya a 1980. Sai wanda ke sa fata ta yi hawa da gangara. Kowanne da maganinsa. Ka kuma lura: baƙin tabo da ke shafe da fata ba rami ba ne. Shi yakan dushe da kansa cikin watanni, ba ya bukatar asid mai ƙarfi ko kaɗan.

Yadda likitoci ke yin aikin

Abin da ƙanena ya gani a bidiyo magani ne na gaskiya. Sunansa CROSS, kuma wasu likitocin fata ne a birnin Seoul na Koriya ta Kudu suka bayyana shi a 2002, bayan sun gwada a kan mutum 65. Suna amfani da wani asid da ake taƙaita sunansa da TCA, mai ƙarfin kashi 65 zuwa 100 cikin 100. An fi yin sa don tabo mai zurfi da ƙaramin baki, wanda sauran hanyoyin gyaran fata ba sa iya kaiwa ƙasansa.

Likita zai wanke fuskar, ya cire maiƙonta, ya ja fatar ta miƙe. Sai ya tsoma bakin wani siririn tsinke mai kama da na sakace a cikin asid ɗin, ya rage abin da ya ɗebo, ya sa shi a ƙasan ramin kaɗai. Cikin daƙiƙu kaɗan wurin zai yi fari, alamar asid ya ƙona naman da ya taɓa. Wannan 'yar ƙunar da gangan ake yin ta: jiki zai tashi gyaran wurin, ya saƙa sabon kolajen, ƙasan ramin ya ɗan taso.

Bayan kwana biyu ko uku ƙaramin ɓawo zai fito a kan kowane rami, ya faɗi da kansa cikin kamar mako guda. Ba a ɓamɓare shi. Kuma ba zama ɗaya ake yi ba. Yawanci sai an maimaita sau uku zuwa shida, da tazarar wata guda ko fiye a tsakani. Ko an gama, ramin raguwa yake yi, ba kasafai yake ɓacewa gaba ɗaya ba. Bidiyon daƙiƙa talatin ba ya nuna maka waɗannan watannin.

Inda haɗarin yake ga irin fatarmu

Asid ba ya bambanta rami da lafiyayyar fata. In ɗigo ya zarce gefen ramin, zai ƙona gefen, ramin ya ƙara faɗi. In ya gangaro, zai bar layi. In ya shiga ido, yana iya lalata gani. Ƙanena da ya yi amfani da auduga, lafiyayyar fatar ya fi ƙonawa.

Sannan baƙar fata tana da nata hali. Duk inda ta ji ciwo, takan zuba launi fiye da kima a wurin, ya yi baƙi ƙirin tsawon watanni. Wani lokacin kuma launin ne ke gushewa, wurin ya yi fari-fari. Likitoci a Indiya da suka gwada hanyar a kan masu duhun fata sun riƙa shirya fatar da magunguna na shafawa makonni kafin aikin, su kuma dage a kan guje wa rana bayansa. To ka tuna ranar Kano a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga tsayuwar asambule, ga tafiya gida a ƙafa da azahar.

Akwai kuma masu jikin da ciwo ke warkewa da tudu, kamar ƙullutun da ke fito wa wasu bayan hudar kunne ko askin wanzami. Irin waɗannan sai likita ya yi taka-tsantsan ƙwarai. Haka wanda kurajensa ke kan fitowa: sai an fara kashe wutar kafin a gyara inda ta ci.

Kwalbar da aka sayar wa ƙanena ba ta da lambar rajistar NAFDAC, ba sunan kamfani, ba kwanan wata. Ko likitan da ya duba ta bai iya faɗin ƙarfin abin da ke ciki ba.

Man haɗi ma yana jawo kuraje

Da yawa daga cikinmu, musamman 'yan mata, wajen masu haɗa man shafawa muke fara zuwa. Wasu mayukan da ake zubawa a haɗin suna ɗauke da magunguna masu ƙarfi irin su clobetasol da betamethasone, waɗanda aka yi don wasu cututtukan fata, na ɗan lokaci, bisa umarnin likita. Da farko fuska za ta yi haske, kuraje su kwanta. Daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, sababbin kuraje su feso fiye da na da. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Fatar da man haɗi ya cinye, in asid ya hau kanta, ƙunar ta fi muni.

To me za ka yi?

Ka fara da kurajen, domin tabon da bai fito ba ya fi sauƙin magani. Wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar kaifi, ba tare da dirzawa da soso ba. Ka janye hannunka daga matsa. Kada ka shafa lemon tsami, kanwa ko man goge baki. Akwai magungunan shafawa irin su benzoyl peroxide da adapalene da ke aiki sosai, amma sukan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin a ga canji, kuma ya kamata ma'aikacin lafiya ne zai nuna maka yadda ake shafa su.

In kurajen manya ne masu ciwo, ko sun fara barin rami, ka gaya wa Umma ko Baba su kai ka asibiti. Mu mazauna Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi ba mu da nisa: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya yana da likitocin fata, kuma likitan asibitin unguwa zai iya rubuta maka takardar turawa. Likitan fata ne zai ce wane irin tabo gare ka, da ko CROSS ta dace da kai ko wata hanyar.

In kuma tsautsayi ya riga ya faru, asid ya taɓa fata, a zuba ruwa mai gudana a wurin na aƙalla minti 20. Kada a sa manja, ƙwai ko gishiri. In ya shiga ido, a buɗe idon a yi ta zuba ruwa. Daga nan sai asibiti, a tafi da kwalbar.

Yau wata huɗu ke nan. Ƙanena yana da baƙaƙen tabo biyu a kumatun hagu, kowanne ya kai faɗin kan babban yatsa, suna dushewa a hankali. Ramukan suna nan, ɗaya ma ya fi da faɗi. Likita ta ce sai baƙin ya tafi kuma kurajen sun tsaya kafin a yi maganar gyaran ramuka. Kullum da safe yana shafa man kariya daga rana kafin ya saka hula ya fita. Umma har yanzu takan ce garin neman gira ya kusa rasa ido.

Na tambaye shi abin da ya kai shi, shi da ba ya ko shan magani sai an matsa masa. Ya ce, "Yaya, sunan ne ya ishe ni." In a ajinku akwai wanda kuke kira da irin wannan suna, ku sani dariyar da yake yi tare da ku ba lallai ta kai gida ba.