Kafin a Zuba Sukari: Yadda Masana Ke Ɗanɗana Ganyen Shayi

A birnin Mombasa na ƙasar Kenya, inda ake gwanjon shayin Gabashin Afirka, akwai mutanen da abincinsu ke fitowa daga kurɓa da tofarwa. Kafin a yi cinikin ko da buhu ɗaya, dillalai kan jera fararen kofunan tangaran a kan dogon tebur, kowane kofi da samfurin wata gona. Mai ɗanɗano zai ɗebi ruwan da cokali, ya zuƙe shi da ƙarfi har na nesa ya ji ƙara, ya juya shi a baki, ya tofar, ya matsa gaba. Zuƙar tana fesa ruwan ko'ina cikin baki, ta kai ƙamshin can bayan hanci, inda mafi yawan abin da ake ji a matsayin ɗanɗano yake samuwa. Masu saye daga Fakistan da Masar da Ingila da shaidar wannan harshe suke taya kaya.

Aikin yana da ƙa'ida rubutacciya. Ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 3103, wanda aka fitar a 1980, ya tanadi a zuba giram 2 na ganye a kowane mililita 100 na tafasasshen ruwa, a rufe, a jira minti 6. Shayin da ke fitowa ya fi ƙarfin a sha shi don marmari. An tsara shi haka ne domin duk wani aibi da ganyen ke ɓoyewa, ƙauri ne ko warin danshi, ya fito fili.

Duk waɗannan kofuna daga bishiya ɗaya suke, wadda masana tsirrai ke kira Camellia sinensis. Tana da manyan iri biyu: mai ƙananan ganye na ƙasar Sin, da mai faffaɗan ganye na yankin Assam a Indiya. Abin da ke raba koren shayi da baƙi shi ne abin da aka yi wa ganyen bayan tsinka. Idan aka murza ɗanyen ganye, ruwan cikinsa ya haɗu da iska, sai ya fara rinewa, kamar yadda goro ke sauya launi bayan an gatsa shi. Wanda aka bari ya rine sosai shi ne baƙin shayi. Wanda aka yi maza aka ɗumama tun kafin ya fara, shi ne kore. Mutanen Sin sukan soya nasu a busasshen kasko, Japanawa kuma su turara. Na tsakiya, wanda aka tsayar da rinewarsa a rabin hanya, shi ne ulon na lardin Fujian da tsibirin Taiwan. Farin shayi kuwa toho ne da ƙananan ganye da aka bari suka yi yaushi suka bushe kawai.

Ƙasa da yanayi ma suna barin alamarsu. A tsaunukan Darjeeling na Indiya, tsinkar farko ta watan Maris da Afrilu tana ba da ruwa mara duhu mai ƙamshin fure, ta biyu kuma, ta Mayu da Yuni, tana da ɗanɗanon da ake kwatantawa da na inabi. Gona ɗaya ce, bishiyoyi ɗaya, amma farashi biyu. A Japan ana lulluɓe gonar koren shayin da ake kira gyokuro kimanin mako uku kafin tsinka don a hana ta rana, abin da ke rage ɗaci ya ƙara garɗi.

Mafi yawan masu shan shayi a Kano ko Kaduna sun fi sanin 'yar jakar nan mai zare da mai shayi ke tsomawa. Abin da ke cikinta galibi ganye ne da inji ya daddatsa, ya yayyaga, ya dunƙule ƙanana-ƙanana, dabarar da William McKercher ya ƙirƙiro a Assam a farkon shekarun 1930, wadda da ita ake sarrafa kusan duk shayin Kenya. Ƙananan ɓarɓashi suna sakin launi da ƙarfinsu cikin minti biyu, shi ya sa suke iya tsayawa gaban madara da sukari a haɗin kauri. Amma da zarar sun saki, sun gama. Cikakken ganye da aka auno aka zuba a buta yana warwarewa ne sannu a hankali, ya kumbura, kuma mai kyau daga cikin ulon ana iya jiƙa shi sau biyar ko fiye, kowane zagaye da irin nasa ɗanɗano.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen ruwa. A ganyen shayi akwai sinadaran da ke kawo ɗaci da bauri, akwai kuma wani mai suna tiyanin da ke kawo garɗi da ɗan zaƙi-zaƙi. Na farkon sun fi fitowa da sauri a ruwa mai tsananin zafi, shi kuwa tiyanin ko a ruwan ɗumi yana narkewa. Don haka koren shayi ya fi son zafin digiri 70 zuwa 80 na minti biyu ko uku, baƙi kuma ya jure wa ruwan da ya tafasa na minti uku zuwa biyar. Wanda ba shi da ma'aunin zafi yana iya sauke butar ya bar ta a buɗe na 'yan mintoci kafin ya zuba wa koren ganye. Da yawa daga masu cewa koren shayi ɗaci gare shi, tafasasshen ruwa suka kwara masa.

Busasshen ganyen shayi yana da wata ɗabi'a: duk ƙamshin da ke kusa da shi sai ya zuƙe. A kanta aka gina sana'ar shayi mai ƙamshi. A Fuzhou ta ƙasar Sin ana tsinko furen yasmin da rana tun yana rufe, da dare idan ya fara buɗewa a cuɗa shi da koren ganye, gari na wayewa a tankaɗe furen a sake busar da shayin. Don samun mai daraja sai an maimaita wannan dare bayan dare da sabon fure, wani lokaci har sau bakwai. Shi ya sa shayin yasmin na ƙwarai ba a cika ganin fure a cikinsa ba, sai dai hanci ya ba da labari.

Earl Grey, wanda ya ci sunan Charles Grey, firaministan Birtaniya daga 1830 zuwa 1834, baƙin shayi ne da aka shafa wa man ɓawon bagamot, wani nau'in lemo da akasarinsa a Kalabiriya ta kudancin Italiya ake nomawa. Shayin Lapsang na tsaunukan Wuyi a ƙasar Sin ana busar da shi a kan hayaƙin itace, ƙaurinsa kan sa wasu su kamu da sonsa, wasu su ture kofin. Japanawa na gauraya koren ganye da gasasshiyar shinkafa. Indiyawa kuma suna dafa baƙin shayi da madara da citta da kirfa da kanumfari, haɗin da ba zai zama baƙo a bakin Bahaushe ba. Zoɓo da ruibos na Afirka ta Kudu, duk da ana shan su a kofin shayi, ba su da dangantaka da bishiyar, kuma babu sinadarin kafeyin a cikinsu.

Al'adar shan cikakken ganye ta daɗe a Agadas da Damagaram da Yamai, kuma Buzaye sun yaɗa ta a unguwannin Kano da Katsina. Ganyen da suke ɗorawa a ƙaramar buta bisa gawayi koren shayi ne daga ƙasar Sin, musamman lardin Zhejiang, wanda ake dunƙulewa ƙwaya-ƙwaya. Sun karya dokar zafin ruwa da gangan: suna tafasa shi har ya yi kauri, su kashe ɗacin da sukari, su yi ta sheƙa shi daga sama har kumfa ta taru a finjali. Ganye ɗaya ke yin dahuwa uku, ta farko mai kaifi, ta biyu madaidaiciya, ta uku mai zaƙi, sau da yawa da na'a-na'a. Najeriya ma tana da gonar shayinta a Kakara, bisa tsaunin Mambila na jihar Taraba, inda sanyi da hazo da yawan ruwan sama suka dace da bishiyar.

Mai son gwadawa a gida kofi biyu farare sun ishe shi. Ya fara sansana busasshen ganyen, ya jiƙa iri biyu lokaci guda da ruwa daidai wa daida, ya dubi launin, ya sansana jiƙaƙƙen ganyen, sannan ya kurɓa babu sukari, yana lura da abin da ya rage a maƙogwaro bayan haɗiya. Masu ƙarancin jini su bar tazara tsakanin shayi da abinci, domin yana rage shigar sinadarin ƙarfe daga hatsi da ganyaye.

Ajiya tana buƙatar gwangwani mai murfi, nesa da rana da danshi, nesa da daddawa da yaji, don ganyen ba ya zaɓen ƙamshin da zai ɗauka. Kore yana saurin lafewa, gara a sha shi cikin watanni. Baƙi kan kai shekara biyu. Shayin fu'ar na lardin Yunnan a ƙasar Sin ne ya fita daban: ana matse shi faifai-faifai a ajiye shekaru goma ko ashirin, ƙwayoyin halitta na ci gaba da aiki a cikinsa, kuma masu tara shi a Hong Kong da Taiwan suna biyan kuɗi mai tsoka a kan tsofaffin faifai.