Idan Kamaru Ta Buɗe Lagdo

Da zarar Satumba ya kama, sai saƙon murya ya fara yawo a WhatsApp: Kamaru za ta buɗe madatsar ruwa ta Lagdo, kowa ya yi ta kansa. Daga nan sai zage-zage, wai maƙwabta na juye mana ruwansu da gangan.

Abin haushi shi ne yadda ake ɗaukar buɗe ƙofofin madatsar ruwa a matsayin mugunta. Randar da ta cika maƙil kuma ana ta ɗura mata ruwa, in ba a rage ba, tumbatsa za ta yi. Madatsa kuwa ɓallewa take yi, ta saki komai lokaci guda. Mutanen Maiduguri sun ga haka a Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle musu cikin dare.

Mai kula da dam yana tsaka mai wuya. An kammala Lagdo a kan kogin Binuwai a 1982 domin lantarki da noman rani a arewacin Kamaru, don haka duk ruwan da ya saki a Agusta, zai neme shi a Maris. In kuma ya riƙe, ruwan ƙarshen damina ya sauko da ƙarfi, dole ya buɗe da yawa cikin gaggawa. Hukuncin nan yana buƙatar awon ruwan sama, da awon tsayin kogi, da sanin yawan laka da yashin da suka cinye cikin tafkin. Tafkin da ya cushe ba ya ɗaukar abin da takardar gininsa ta ce.

Sannan Binuwai ba daga Lagdo kaɗai yake sha ba. Kogin Gongola na shiga cikinsa a Numan, ga Taraba, ga Donga, ga Katsina-Ala. A Lokoja Binuwai ya haɗu da kogin Kwara, wanda ke ɗauke da abin da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro suka saki. Haɗarin yana ga haɗuwar cikar waɗannan koguna a mako guda. A ambaliyar 2012 a Najeriya mutum 363 suka rasu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu.

Madatsar Dasin Hausa da aka ce za a gina a Adamawa don tare rarar Lagdo, har yau tana kan takarda. Hukumar nazarin ruwa ta Najeriya, NIHSA, na fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, amma ana nan ana yanka filaye a fadama, da sa hannun jami'ai.