Gyaɗa: Kalmar da ke nufin arziki a Kano, ƙaranci a Amurka

Idan Ba'amurke ya ce ana biyansa "peanuts", wato gyaɗa, kuka yake yi da albashin da bai taka kara ya karya ba. Wannan kan ɗaure wa Bahaushen da ya je ci-rani kai, domin a inda ya fito gyaɗa ce ta gina attajirai irin su Alhassan Ɗantata, bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 aka fara jera buhunanta dala-dala.

Asalin tsiron daga Kudancin Amurka yake, kuma Turawan Fotugal ne suka kawo shi Afirka a ƙarni na 16. Daga nan ya sake tsallaka teku a zamanin cinikin bayi. Shi ya sa a kudancin ƙasar Amurka har yau ake kiran gyaɗa "goober", kalmar da ta samo asali daga "nguba" ta harsunan yankin Kongo da Angola. Larabawa kuwa Sudan suka jingina wa ita, suna cewa "ful sudani".

A Amurka gyaɗa ta daɗe tana ɗauke da tambarin abincin talaka. Duk da haka manominta, Jimmy Carter na jihar Jojiya, ya hau kujerar shugaban ƙasa a 1977.

Ko a cikin Hausa kalmar ba fuska ɗaya gare ta ba. Abin da Bakano ke kira gyaɗa, a Sakkwato da wasu sassan Nijar gujiya ake ce masa, alhali a Kano gujiya wani tsiro ne dabam. Akwai kuma "gyaɗa kai", wanda karin sauti ya raba shi da ta ci. Daga jikinta Hausa ta samu ƙuliƙuli da tunkuza da harawa da kunun gyaɗa.

Darajarta ta ƙara fitowa fili lokacin yunwar 2005 a Nijar, inda aka yi jinyar dubban yara masu tamowa da Plumpy'Nut, wani haɗin niƙaƙƙiyar gyaɗa da madara da aka ƙirƙira a Faransa. Har yanzu da irin wannan haɗi ake kula da yaran a cibiyoyin tamowa na Maraɗi da Katsina.