Yadda Bincike Ya Karya Lagon Sanƙarau

Wanda ya yi wayo kafin 1996 ba sai an ba shi labarin sanƙarau ba. A shekarar nan annobar ta kama mutum sama da 250,000 a ƙasashen Sahel, ta kashe kimanin 25,000. Yaro ya kwana da zazzaɓi da ciwon kai, gari ya waye wuya ya sanƙare, haɓa ba ta taɓa ƙirji, kafin kwana biyu an kai shi makwanci. Cikin waɗanda suka sha kuwa, da yawa sun tashi kurame.

Akwai allurar rigakafi a lokacin, sai dai kariyarta ba ta daɗewa, ba ta kama jikin ƙananan yara sosai, kuma ba ta hana mai lafiya yawo da ƙwayar cutar a maƙogwaro yana raba wa jama'a. Sai cuta ta ɓarke ake rugawa da ita, ihu bayan hari.

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka ɗaura aniyar samar da sabuwar allura, da sharaɗin kuɗinta kada ya kai rabin dala. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya karɓi aikin. Ba a yi gaggawa ba. An fara gwada ta a jikin manya ƙalilan a Indiya don a ga ko tana da illa, sannan yara a Mali da Gambiya, daga baya Senegal da Ghana, ana ɗibar jininsu ana auna ƙarfin garkuwar da jiki ya samu. Sai a Disamban 2010 aka fara yi wa jama'a allurar, mai suna MenAfriVac, a Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta bi sahu a 2011. A Chadi, da aka kwatanta yankunan da aka yi allurar da waɗanda ba a kai ba tukuna, an tarar cutar ta ragu da kashi 94 cikin 100.

Na san da an ce "gwaji" gaban Bakano yake faɗuwa, kuma da dalili. A annobar 1996 ɗin ce kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Shari'a da gwamnatin jihar ta ƙare da sulhun dala miliyan 75 a 2009. Ƙa'idar bincike ita ce a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, ya amince don kansa, kuma ya fita ranar da ya ga dama ba tare da an hana shi magani ba.

MenAfriVac nau'i ɗaya na ƙwayar cutar ta tare, wato A. Da ya ja baya sai nau'in C ya yi ɓarna, a Nijar a 2015, sannan a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu a 2017, inda aka rasa rayuka fiye da 1,000. Ta yaya aka gane C ne? Da ruwan nan da likita yake zuƙowa daga gadon bayan majiyyaci, wanda wasu iyaye kan hana don tsoron shanyewar ƙafa. Ruwan mai lafiya garai yake, na mai sanƙarau kan fito da gurɓi, kuma a cikinsa ake gane nau'in ƙwayar. Irin wannan bibiyar ce ta nuna ana buƙatar allura mai tare nau'i biyar. An gwada ta a Mali da Gambiya, kuma a 2024 Nijeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da ita.