Lambu A Jikin Katanga: Shawara Ga Magidantan Rano Da Kibiya

Duk wanda ya nufi Rano da rani, ya ratsa ƙasar Kura da Bunkure, zai ga kwandunan tumatir jere a bakin hanya har ya ɗauka cewa miya ba za ta taɓa gagarar mutumin wannan yanki ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya zauna da gindinsa a kudancin Kano. Amma da zarar damina ta kama, amfanin rani ya ƙare, sai kayan miya su yi tsada. Wanda ya ga shekarar 2016, lokacin da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a ƙasar Kano, ba ya bukatar a ba shi labari.

Shirin ciyar da ƙasa da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a 1976 ya yi kira ga ma'aikata da 'yan makaranta su yi lambu a bayan gida. Shawara ce mai kyau, sai dai malamin makarantar da aka tura Kibiya, ko akawun da ke haya a Rano, ba shi da fadama, ba shi da bayan gida. Tsakar gidan kuwa turmi da murhu da igiyar shanya sun cinye ta, abin da ya yi saura na awaki ne da kaji. Wuri ɗaya ya rage, watau jikin katanga.

Rataye abu don a tsare shi ba baƙo ba ne a gidan Bahaushe. Iyayenmu mata sun daɗe suna ɗora ƙwaryar nono a ragaya, su rataye ta inda kyanwa ba ta kaiwa. Dabarar ke nan za a fito da ita waje: a zuba ƙasa a tukunya ko bokiti, a shuka ganye, a rataye inda akuya ba ta isa ko da ta miƙe a ƙafa biyu. Sharaɗi guda ne, ya zama abin da za a iya saukewa a duk lokacin da aka so.

Kafin a rataye kome, a fara duba nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, bokiti mai cin lita 10 kuwa, in an cika shi da jiƙaƙƙiyar ƙasa, yakan kai kilo 15. Saboda haka kowace irin katanga da yadda za a bi da ita.

Katangar ƙasa ita ce mafi bukatar hattara. Ƙusa ba ta kama tubali da kyau, ruwan da ke ɗiga daga tukunya kuma yana cin yaɓe sannu a hankali, ya gangara ya jiƙa gindin gini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a watan Agusta kuma katangar da gindinta ya sha ruwa ita ke fara faɗuwa. Don haka kada a kafa mata kome. A kafa dirka biyu taƙi ɗaya ko biyu daga jikinta, a gitta musu gora mai ƙwari ko guntun azara, wadda gara ba ta cika damunta ba, sa'an nan a rataye tukwane a jikin gorar. A kauce wa ƙarƙashin indararo.

Katangar bulo da siminti ta fi sauƙi. Maƙeri zai lanƙwasa rodi ya yi ƙugiya mai baki biyu, ɗaya ya kama kan katanga, ɗaya ya riƙe bokiti. Ba a fasa gini ba, balle mai gida ya yi ƙorafi. A sa ɗan katako tsakanin bokiti da bango domin iska ta ratsa, kada danshi ya ɓata shafe. Danga da zana kuwa ba su ɗaukar nauyi. A jikin dirkokinsu ake ɗaurawa, su ma ƙananan gwangwanaye kawai.

Game da mazubi, tukunyar ƙasa ta fi kome, domin tana riƙe sanyi; tulun da bakinsa ya fashe ma ya isa, a saƙa masa ragaya da igiya mai ƙarfi. Gwangwani yana ɗaukar zafi, roba kuma rana tana busar da ita har ta tsage. Kada a kuskura a yi amfani da jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko baƙin mai. A huda gindin mazubi, a shimfiɗa tsingaro, a zuba ƙasa da aka gauraya da yashi da ruɓaɓɓen taki. Alayyafo da lalo da latas da lawashi da ɗaɗɗoya suna wadatuwa da zurfin taƙi guda, alayyafo ma cikin mako 4 zuwa 5 ake fara tsinkarsa. Attaruhu da tumatir sai bokiti mai zurfi. Ruwan alwala da na wankin shinkafa sun isa ban-ruwa, ban da na sabulu. Kada kuma a bar ruwa ya kwanta a ƙasa, don gudun sauro.

To, me ya sa aka dage sai mai saukuwa? Bangon da ke kallon gabas yana samun ranar safe, wadda shuka ke so. Wanda ke kallon yamma kuwa da bazara yakan gasa saiwa, sai a mai da tukwane inuwa. In hadarin farkon damina ya taso da iska, a sauke su kafin su faɗo wa yara. In lokacin yaɓe ya zo, a kawar da su magini ya yi aikinsa. Ma'aikaci kuma, ran da takardar canjin wurin aiki ta iso, sai ya ɗora lambunsa a mota tare da katifa, ya bar wa mai gida katangarsa yadda ya same ta.

Tukwane biyar ko shida ba za su maye gurbin gona ba, amma za su rage kuɗin cefane, su kuma koya wa yaro tarairayar shuka tun yana ƙarami. Ya kamata malaman aikin gona na makarantun Rano da Kibiya su fara gwadawa a jikin katangun makarantunsu, ɗalibai su kai dabarar gida. Allah ya sa mu dace.