Tsoron jirgin sama da ƙwayar kwantar da hankali: gargaɗi ga maniyyata

Jama'a masu karatu, kowace shekara dubban ƴan Nijar suna zuwa aikin hajji. Da yawansu manoma ne da makiyaya da ƴan kasuwa. Wani ya yi shekara goma yana tara kuɗin wake da aya. Wani albasar Galmi ya sayar. Wata kuma shanunta ta kaɗa kasuwa kafin kuɗin kujera su cika. Kakanninmu a ƙasa suke tafiya, su ratsa Cadi da Sudan, su ƙetare teku a Sawakin, wasu sai sun yi shekaru a hanya. Yau daga Yamai zuwa Jidda, kilomita wajen 4000, jirgin sama yana yin ta cikin awa biyar zuwa shida.

Sai dai maniyyata da yawa ba su taɓa shiga jirgin sama ba. Akwai wanda tun ana saura wata guda barci ke ƙaurace masa. Daga nan sai wani ya ba shi shawara: «Sayi ƙwaya ka sha, ka yi barci har a sauka.» Wannan shawara tana da haɗari, musamman ga dattawa. Ga dalilai, ga kuma abin da ya kamata a yi.

Mi tsoro yake yi a jiki?

Tsoro ba abin kunya ba ne. Idan mutum ya hangi haɗari, jikinsa yana sakin wani sinadari da ake kira adirenalin. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, zufa ta keto, baki ya bushe, hannuwa su yi rawa. Jiki yana shirin gudu ne, kamar na manomin da ya yi kiciɓis da maciji a kunya. A gona mutum yana iya ja da baya. A cikin jirgi kuwa yana ɗaure a kujera, ƙofa a rufe, shi ya sa abin ke yi masa nauyi.

Wani lokaci tsoron yakan taso gaba ɗaya, har mutum ya ji kamar ransa zai fita. Wannan firgita takan kai ƙarshen ƙarfinta cikin minti goma ko kusa da haka, sannan ta fara sauka da kanta. Tana da wuya, amma ba ta kashe mai lafiya. Wanda ya san haka ya riga ya rage rabin wahalarsa.

Waɗanne ƙwayoyi ne ake magana a kansu?

Likitoci suna kiran danginsu benzodiyazefin. Wadda aka fi sani ita ce diyazefam, wadda kamfanin Roche ya fitar a shekarar 1963 da sunan Valium. Akwai kuma Lexomil da Temesta da Xanax. Aikinsu shi ne rage kuzarin ƙwaƙwalwa. Bayan rabin awa zuwa awa guda da sha, mutum zai ji jikinsa ya saki, damuwa ta ragu, barci ya zo.

Magunguna ne masu amfani a hannun likita. Da diyazefam ake tsayar da jijjigar yaro a asibiti, da ita ake taimakon mai ciwon tetanus. Amma doka ta hana sayar da su sai da takardar likita. Wadda ake tallanta a kan tire ko bayan keke a kasuwar ƙauye, ta sha rana da ƙura, babu wanda ya san abin da ke cikinta, ko ƙarfinta.

Haɗari biyar a cikin jirgi

1. Numfashi. Jirgi yana tafiya a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. Ana matsa iska a cikinsa domin mutane su yi numfashi, amma duk da haka iskar ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba. Daidai take da ta kan dutse mai tsayin mita 1800 zuwa 2400. Dutsen da ya fi kowane tsayi a Nijar, a tsaunukan Bagazam na Ayar, mita 2022 ne. Mai lafiya ba ya jin bambanci sosai. Amma ƙwayar tana rage ƙarfin numfashi. Ga mai ciwon huhu ko ciwon zuciya, ko mai munsharin da numfashi ke ɗauke masa cikin barci, haɗuwar waɗannan biyu na iya zama matsala babba, ga shi babu asibiti a sama.

2. Daskarewar jini. Idan mutum ya daɗe zaune bai motsa ƙafa ba, jini yana iya yin guda a jijiyar ƙwaurinsa. Gudan nan in ya ɓalle ya tafi huhu, yana iya kisa. A shekarar 2007, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa wannan haɗari yana ninkawa biyu bayan tafiyar awa huɗu a zaune, kuma yakan sami kamar mutum ɗaya cikin 6000. Wanda ƙwaya ta kwantar yana iya yin awa biyar bai ko gyara zama ba.

3. Lokacin gaggawa. An ƙera jiragen sama yadda za a iya fitar da dukkan fasinjoji cikin daƙiƙa 90, wato minti ɗaya da rabi. Da wuya a buƙaci haka. Amma in ta taso, wanda ya bugu da magani ba zai fahimci umarni ba, ba zai tashi da sauri ba, kuma zai tare wa na bayansa hanya.

4. Ruɗewa da faɗuwa. Diyazefam tana daɗewa a jiki. Bayan kwana ɗaya ko biyu, akwai saura a cikin jini, kuma a jikin tsoho ta fi daɗewa. Dattijo zai sauka jirgi yana layi, ga matakala, ga cunkoso, ga zafi. Faɗuwa ɗaya ta karya ƙugu, an yi asarar aikin da aka zo yi. Wasu kuma mantuwa take sa su: su ajiye fasfo ko guzuri su kasa tuna inda suka sa. Akwai ma kaɗan daga cikin mutane da take yi wa akasin abin da ake so, su harzuƙa, su yi ta faɗa da hayaniya.

5. Haɗa ta da wani abu. Shan ta tare da tiramol, ko maganin tari mai kodin, ko maganin mura mai sa barci, ko giya, yana iya tsayar da numfashi gaba ɗaya.

Maniyyaci yana da wani dalili nasa na musamman. Wanda jirginsa zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, a sama yake ratsa miƙati, kuma akan yi sanarwa a cikin jirgi. Mai barcin ƙwaya yana iya wucewa bai ji ba.

Shin ƙwayar tana warkar da tsoro?

A shekarar 1997, masana biyu na jami'ar Stanford ta Amurka, Wilhelm da Roth, sun buga sakamakon wani gwaji. Sun ɗauki mata 28 masu tsananin tsoron jirgi. Kafin wata gajeriyar tafiya, an ba wasu Xanax, wasu kuma aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta, ba tare da sun sani ba. A wannan tafiya, waɗanda suka sha maganin sun ce tsoronsu ya yi sauƙi, ko da yake zuciyarsu ta fi ta sauran bugawa. Bayan mako guda aka sake tafiya, ba a ba kowa kome ba. Kashi 71 cikin ɗari na waɗanda suka sha maganin da farko sun firgita, alhali a tafiyar farko kashi 7 ne kawai. Waɗanda ba su sha ba kuwa, tsoronsu ya ragu.

Dalilin a fili yake. Ɗan maraƙin da ake horarwa ga galma, yau da gobe yake sabawa da karkiya. Haka zuciya take. Idan mutum ya shiga jirgi da idonsa biyu, ya ji tsoro, ya ga an sauka lafiya, zuciyarsa ta koyi darasi. Wanda ya yi tafiyar cikin maye bai koyi kome ba, kuma ga komowa gida tana jiransa. Saboda irin waɗannan dalilai, asibitocin unguwa da yawa a Ingila sun daina rubuta diyazefam domin tsoron jirgi.

Wani abu kuma, ƙwayar tana kama jiki. Wanda ya yi makonni yana shan ta kullum, zai ga ba ya iya barci sai da ita. Shi ya sa likitoci ba su son a wuce mako biyu zuwa huɗu ana sha.

Idan tsoron ya yi tsanani fa?

Akwai mutanen da tsoro zai iya hana su tafiyar gaba ɗaya. Irin wannan mutum ya je ya ga likita tun da saura wata ɗaya ko biyu. Lokacin awon lafiya da rigakafin maniyyata dama ce mai kyau. Ya faɗi gaskiyar abin da yake ji, da cututtukan da yake da su, da duk maganin da yake sha, har na gargajiya. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa. Likita ne zai auna ya ga ko amfanin ya fi haɗarin. Idan ya rubuta maganin, a kiyaye waɗannan:

A saya a farmasi, da takardar likita.

A tambayi likita ko za a gwada sau ɗaya a gida kafin ranar tafiya, domin a ga yadda jiki zai karɓa.

Kada a ƙara a kan abin da ya rubuta, ko da an ji kamar bai yi aiki ba.

Kada a ba maƙwabcin kujera. Abin da ya yi wa wani daidai yana iya kayar da wani.

A sanar da abokin tafiya, domin ya sa ido.

A bar maganin cikin kwalinsa, a riƙe takardar likita mai ɗauke da sunan mai shi. Ƙasar Saudiyya tana sa ido ƙwarai a kan irin waɗannan ƙwayoyi, kuma hukuncinta a kan miyagun ƙwayoyi yana da tsanani. A tambayi jami'an hukumar alhazai takardun da ake nema kafin a tashi. Kada kuma a karɓi saƙon magani ko ƙunshi daga hannun kowa, kome kusancinsa.

Wanda ya riga ya daɗe yana shan irin wannan magani bisa umarnin likita, kada ya bari farat ɗaya saboda ya karanta wannan shafi. Barin sa kwatsam yana iya kawo jijjiga. Likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Dabarun da ba su buƙatar ƙwaya

Na farko shi ne sani. A ƙidayar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, jiragen haya sun tashi sau miliyan 37 a shekarar 2023, kuma haɗari ɗaya ne ya ci rayuka, a ƙasar Nefal. Wanda ya saba shiga motar kasuwa da lodi har sama ya riga ya ɗauki kasadar da ta fi wannan nesa ba kusa ba.

A san ƙararrakin jirgi tun daga gida. Wajen tashi injuna suna ruri da ƙarfi, mutum ya ji an danna shi a kujera. Jim kaɗan za a ji ƙara a ƙarƙashi: ƙafafun jirgi ne ke shigewa. Can kuma ƙarar inji ta ragu: direba ne ya sassauta, inji bai mutu ba. Idan jirgi ya fara girgiza, iska ce mai gargada, kamar yadda mota ke yi a hanyar burji. An ƙera fukafukansa su jure abin da ya fi haka. A ɗaura ɗamara, a zauna. Alhazan da suka riga suka je su zauna da sababbi su yi musu wannan bayani, su bar ba su labaran ban tsoro.

A rage goro da shayi mai ƙarfi da kafe a ranar tafiya. Suna sa zuciya bugawa, mai tsoro kuma ya ɗauka wani abu ne ya same shi. A ci abinci marar nauyi, a sha ruwa sosai. Dattawa da yawa suna ƙin shan ruwa domin kunyar zuwa makewayi. Wannan kuskure ne. A roƙi ma'aikacin jirgi ya nuna yadda ake amfani da shi.

Idan tsoro ya taso, a ja numfashi ta hanci ana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, a sake shi ta baki sannu ana ƙirga ɗaya zuwa shida. A yi ta maimaitawa har minti biyar. Numfashi a hankali yana sa bugun zuciya ya sauka. A riƙe tasbaha, a yi zikiri da addu'ar tafiya, ko a ja hira da na kusa. A gaya wa ma'aikatan jirgi, domin sun saba da masu tsoro kuma an horar da su a kan haka. In da hali, a nemi kujerar da ke daidai fukafuki, can girgiza ta fi sauƙi.

Kowace awa ɗaya ko biyu, idan an ba da izini, a tashi a ɗan taka. A zaune ma a riƙa ɗaga dunduniya da yatsun ƙafa. Idan kunne ya toshe wajen sauka, a haɗiye yawu ko a yi hamma. Bayan an isa, wanda ya ga ƙwaurinsa ɗaya ya kumbura yana ciwo, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ƙirji ya soke shi, ya nemi likitocin tawaga nan take.

Kira ga jama'a

Malaman yaƙi da jahilci, a karanta wannan shafi a aji, a tattauna. Ƴaƴa da jikoki, ku karanta wa iyayenku da za su tafi. Wanda ya yi shekaru yana tara kuɗin kujera, bai kamata ƙwayar dala biyar ta ɓata masa tafiya ba. Mai tsoro ya je gidan likita da wuri, ya yi tambaya, domin matambayi ba ya ɓata.

Allah ya kai maniyyatanmu lafiya, ya karɓi ibadarsu, ya maido mana su lafiya.